Yadda Ake Kwatanta Littattafan Adabi Biyu Don Jarrabawa, Mataki-Mataki

Duk shekara idan jarrabawa ta ƙarato, tambaya ɗaya ɗalibai suke ta kawo mini: "Malam, idan aka ce mu kwatanta littafi kaza da littafi kaza, ta ina za mu fara?" Wasu 'yan sakandare ne masu shirin WAEC da NECO, wasu kuma suna kwalejin ilimi ko jami'a, inda irin wannan tambaya ta fi fitowa ƙarara. Abin da ke damuna shi ne, yawancin masu tambayar sun karanta littattafan, sun kuma san labarin ciki da waje. Sai su shiga ɗakin jarrabawa su cika shafi uku da labarin littafi na farko, su ƙara shafi biyu da labarin na biyu, su fito suna murna, sakamako ya fito ba yadda suka zata ba. Mai duba takarda ya san labarin tun kafin a haife su. So yake ya ga ɗalibi ya ɗauki tambaya ɗaya ya yi wa littattafan biyu, ya kawo amsar kowanne tare da hujja. Wannan shi ne kwatance, kuma aiki ne da ake koya kamar yadda ake koyon ɗinki.

Zan yi amfani da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin misali, domin ƙanana ne, sanannu ne, kuma dukansu sun fito daga gasar rubutun da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934. Hanyar dai ɗaya ce, ko da wasu littattafan aka ɗora maka.

Mataki na 1: Tabbatar da littattafan, ka kuma mallake su

Kafin komai, nemi jerin littattafan da hukumar jarrabawarka ta amince da su na shekarar da za ka rubuta. Jerin yakan sauya bayan 'yan shekaru, kuma na WAEC ba lallai ya zama ɗaya da na NECO ko na JAMB ba. Malaminka na Hausa ne ya fi dacewa ka tambaya. Ɗalibin kwaleji ko jami'a ya duba takardar kwas da aka raba a farkon zango.

Kayan aikin ba su da yawa: littattafan biyu, fensir da magogi, littafin rubutu guda wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, babbar takarda ɗaya mai faɗi, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da agogo. Inda kuɗi zai fita shi ne sayen littattafan da tsofaffin tambayoyin. Idan aljihu bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu kowa ya sayi ɗaya ku riƙa musaya, ko ka ari na wanda ya gama bara. Tsohon littafi mai cikakkun shafuka ya fi hoton littafi da aka turo ta WhatsApp, domin irin wannan sau da yawa yakan zo da gibi, shafi biyu ko uku sun ɓace a tsakiya, kai kuma ba ka sani ba. Abin da ya fi kuɗi tsada a wannan aiki shi ne lokaci. Ware mako uku, awa ɗaya kowace rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hattara: kada ka sayi ɗan littafin taƙaitawa ka ce ya wadatar. Taƙaitawa tana ba ka abin da ya faru, amma ba ta ba ka yadda marubuci ya faɗe shi, kuma makin kwatance mai yawa a nan yake.

Mataki na 2: Karanta kowanne sau biyu

Karatun farko na jin daɗi ne. Ajiye fensir, ka karanta kamar yadda kake sauraron labari. Idan ka gama, rufe littafin ka rubuta labarin da ka a layi goma. Inda ka kasa tunawa, nan ne za ka fi sa ido a karatu na biyu.

A karatu na biyu ne fensir yake aiki. Yi wa kanka alamomi uku kawai: ɗaya ta wurin da wani abu ya faru da ya juya akalar labarin, ɗaya ta wurin da halin wani ya fito fili, ɗaya ta wurin da harshen ya ja hankalinka, ko karin magana ne, ko kirari, ko wata siffantawa. Duk abin da ka yi wa alama, kwafe shi cikin littafin rubutunka tare da lambar shafi. Idan littafin aro ne, kada ka yi rubutu a ciki, kwafewar ta isa.

Hattara: ka gama littafi na farko gaba ɗaya kafin ka taɓa na biyu. Masu karanta su tare su ne suke shiga jarrabawa su kai Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja cikin ayarin Abdulkarim na Shaihu Umar, ko su sa Makau na Shaihu Umar neman Ruwan Bagaja. Kuskuren suna ɗaya irin wannan yana sa mai duba takarda ya daina yarda da sauran abin da ka rubuta.

Mataki na 3: Fitar da jigon kowanne

A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Jigo shi ne saƙon da marubuci ya gina littafinsa a kai. Amma idan aka tambayi ɗalibi jigon littafi, sai ya ce "faɗakarwa" ko "nishaɗantarwa" ya yi shiru. Wane littafin Hausa ne ba ya faɗakarwa? Kalma ɗaya irin wannan ba ta raba littafi da ɗan'uwansa, ba za ta kuma taimake ka wajen kwatance ba. Ka tilasta wa kanka faɗar jigo a cikakkiyar jumla, wadda take da mai aikatawa da abin da ya aikata da abin da ya biyo baya.

Ga hanyar da nake koyarwa. Yi wa littafin tambayoyi uku. Me tauraron yake nema, ko me ya rasa? Me ya tsaya masa a hanya? Yaya ya ƙare, kuma me ya kai shi ga wannan ƙarshen?

A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar Kwantagora ne domin ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Liman, mijin mahaifiyarsa, daga kunyar da aka ba shi a fada. Abin da ya tsaya masa shi ne nisan tafiya, da haɗurran hanya, da abokin adawarsa Malam Zurƙe wanda suke ta rama wa juna mugunta. Ya ƙare da samun abin da ya fita nema. Jumlar jigo za ta iya zama: wanda ya ƙudurta abu ya jure wahalarsa, ya kuma yi aiki da wayo, yakan kai ga biyan buƙata. Ƙananan jigogi su ne ramuwar gayya, da yaudara, da ban dariya.

A Shaihu Umar, yaro ne aka raba da mahaifiyarsa tun yana ƙarami, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Jumlar jigo a nan: cinikin bayi yana wargaza iyali, kuma haƙuri da riƙon addini da ilimi su ne abin da mutum yake tsira da shi idan ƙaddara ta juya masa baya. Ƙananan jigogi sun haɗa da hassadar fadawa da ƙaunar uwa ga ɗanta.

Yanzu ga kowace jumlar jigo, nemo aukuwa uku daga littafin da suke tabbatar da ita. Wannan shi ne abin da malamai suke kira warwarar jigo. Idan ka kasa samun uku, to abin da ka ɗauka babban jigo ƙarami ne, sake dubawa.

Hattara: ba dole jumlarka ta zama iri ɗaya da ta malaminka ko ta abokinka ba. Wani zai ce babban jigon Shaihu Umar bauta ne, wani ya ce ƙaddara ce, dukansu kuma za su iya samun maki idan sun kawo hujja daga cikin littafin. Abin da ba a yafewa shi ne jigo ba hujja.

Mataki na 4: Zana takardar kwatance

Ɗauko babbar takardar nan ka raba ta gida huɗu daga sama zuwa ƙasa. Gida na farko na abin da ake dubawa ne, na biyu na littafi na farko, na uku na littafi na biyu, na huɗu kuma ka rubuta masa "to sai me?" a kansa. A gida na farko jera waɗannan: jigo, mafarin rikici, tauraro, sauran mutanen ciki, mai ba da labari, wuri da zamani, zubi da tsari, harshe, ƙarshen labari.

Gida na huɗu shi ne ran takardar. A nan za ka rubuta, a jumla ɗaya, abin da kamancin ko bambancin ya nuna. Duk layin da ka kasa cike gidansa na huɗu, bai isa shiga amsarka ba tukuna.

Ɗauki layin mafarin rikici. A littafi na farko za ka rubuta cewa an kunyata Liman a gaban sarki. A na biyu za ka rubuta cewa fadawa sun yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, ƙazafi bayan dawowa daga hari, har sarki ya kore shi daga gari. To sai me? Dukan labaran biyu daga fada wutarsu ta tashi, kuma a kowanne maigida aka taɓa, yaron gidan kuma ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Sai dai Alhaji Imam da ƙafarsa ya fita domin ya wanke kunyar, Umar kuwa bai ma san abin da ake ciki ba sa'ad da gidansu ya watse. Ɗalibi kaɗan ne suke lura da wannan, kuma duk wanda ya kawo shi takardarsa takan fita daban.

Mataki na 5: Bi salon ɗaya bayan ɗaya

Salo shi ne hanyar da marubuci ya bi ya isar da jigonsa. Ga kowace dabara da ka gano, akwai abu uku da za ka faɗa: sunanta, inda ta fito, da aikin da ta yi. Na ukun ne ake mantawa.

Fara da mai ba da labari. A littattafan nan biyu tauraro ne yake ba da labarin kansa da bakinsa, kuma a kowanne akwai labari cikin labari. Alhaji Imam yana ba Koje Sarkin Labari ne, mutumin da ba abin da yake so kamar jin labarin baƙi. Shaihu Umar kuwa almajiransa yake ba wa tarihinsa a Rauta, bayan sun tambaye shi asalinsa. Dabara ɗaya ce, amma dubi yadda masu sauraro suka sauya komai. Mai ba Koje labari dole ya burge shi, don haka ƙari da abin mamaki da abin dariya suke da gurbi. Malamin da yake gaban almajiransa kuwa magana yake a natse, domin darasi yake son su ɗauka. Akwai kuma wani abin lura a Shaihu Umar: wani babban yanki na labarin wahalar mahaifiyarsa ce, abubuwan da shi kansa bai gani da idonsa ba. Marubucin yakan bar ɗan ya bi uwar, sa'an nan ya dawo, har hanyoyin biyu suka haɗu a Tarabulus. Wannan zubi ne yake sa mai karatu ya riƙa zullumi yana jiran ranar haɗuwarsu.

Sai tauraro. Alhaji Imam mai ƙulla abu ne, shi yake shirya dabara, shi yake fitar da kansa daga rami, wani lokaci ma shi yake jefa wasu. Umar kuwa yawancin abin da ya same shi wasu ne suka yanke: an sace shi, an tsince shi, an tafi da shi. Kada ka ce wannan rauni ne na littafin. Labarin da yake magana a kan bauta da ƙaddara yana buƙatar tauraron da ba shi da iko da inda za a kai shi. Ka ga yadda salo ya koma ya riƙe jigo? Irin wannan haɗin ake nema.

Wuri ma haka. Ruwan Bagaja yana tashi daga garin da muka sani ya shiga duniyar aljannu da abubuwan da hankali ba ya ɗauka, kamar tatsuniya. Shaihu Umar yana bin hanyar fatake ta gaske, wadda ta ratsa hamada ta Murzuk zuwa Tarabulus, har guguwar rairayi da ta halaka ayarin da Umar yake ciki a hanyar dawowa abu ne da matafiyan hamada suka sani. Ɗaya yana so ka yi mamaki, ɗaya yana so ka yarda cewa haka ta faru da mutane.

Game da zubi, gwada wannan: ɗauki wata aukuwa daga tsakiyar littafi ka ce da an cire ta, labarin zai rushe? A Ruwan Bagaja za ka iya cire ɗaya daga cikin karon Alhaji da Zurƙe labarin ya ci gaba, domin aukuwar jere suke kamar duwatsun wuya. A Shaihu Umar kuwa korar Makau ce ta jawo tafiyar uwa, tafiyar uwa ta ba da damar sace yaro, satar ta jawo fitarta nema. Kowace tana riƙe da ta gabanta kamar sarƙa.

Daga ƙarshe harshe. Koma kan abin da ka kwafe a mataki na 2 ka ware: karin magana, kirari, habaici, kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamar zulaƙe, kalmomin aro daga Larabci. Zaɓi misali biyu ko uku daga kowane littafi ka haddace su daidai yadda suke.

Hattara: idan ba ka tuna kalmomin marubuci daidai ba, kada ka sa su cikin alamar zance. Faɗi abin da ya faru da naka kalmomin. Ƙirƙirar magana ka jingina wa marubuci ya fi rashin kawo ta illa.

Mataki na 6: Idan waƙa ce ko wasan kwaikwayo

Takardar kwatancen ba ta sauyawa, abin da ke gida na farko ne yake sauyawa.

A rubutacciyar waƙa, kafin ka ce komai a kan ma'ana, ƙirga. Baiti nawa ne? Kowane baiti ɗango (layi) nawa ne, wato gwauruwa ce, ko ƙwar biyu, ko ƙwar uku, ko ƙwar huɗu, ko ƙwar biyar? Mene ne babban amsa-amo, akwai kuma na ciki? Da me aka buɗe, da me aka rufe, mawaƙin ya ambaci sunansa ko shekarar da ya yi waƙar? Waɗannan maki ne da suke a fili, ɗalibai suna wuce su domin suna gaggawar zuwa jigo. Bayan nan sai furucin jigo, wato baitin da mawaƙi ya faɗi abin da ya sa shi waƙar, sai warwara, sai adon harshe. Wanda yake kwaleji ko jami'a ya nemi Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo, domin kalmomin da malamai suke tsammanin gani a takardarka yawancinsu daga can suke. Don gwaji, ɗauki waƙar Karuwa ta Mu'azu Haɗeja da 'Yar Gagara ta Aƙilu Aliyu. Abu ɗaya suke suka, wato karuwanci, don haka ba za ka ɓata lokaci wajen neman kamanci ba, duk ƙarfinka zai tafi wajen gano yadda kowannensu ya kai sukarsa.

Waƙar baka tana da nata kalmomin, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka: turke a maimakon jigo, gindin waƙa, ɗiyan waƙa (sassanta, kowanne ana ce masa ɗa), amshi, da kayan kiɗa. Idan kana kwatanta Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos, alal misali, dole ka faɗi cewa na farko makaɗin fada ne mai kotso da 'yan amshi, na biyu kuwa shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa yana magana da talakawa a kan zaman duniya, sa'an nan ka nuna yadda wannan ya shafi abin da kowannensu yake faɗa.

Hattara: kada ka kira ɗan waƙar baka baiti, kada kuma ka yi nazarinta daga takarda kaɗai ba tare da ka saurare ta ba.

A wasan kwaikwayo yawanci ba mai ba da labari, don haka cire wannan layin ka sa kashi da fitowa, da yadda maganar kowane ɗan wasa take fito da halinsa.

Mataki na 7: Karanta tambayar kafin ka amsa ta

Ja layi a ƙarƙashin abu biyu: kalmar umarni da iyakar tambaya. "Kwatanta" tana neman kamanci da bambanci duka. "Bambanta" bambanci kawai take so. "Tattauna" ko "yi sharhi" suna neman ra'ayinka tare da hujja. Iyaka kuma ita ce abin da aka ce ka duba. Idan an ce kwatanta taurarin littattafan biyu, to amsa-amo da wuri da karin magana ba su da hurumi, sai dai idan za su fito da halin tauraro. Na san yana da ciwo ka haddace abu ka bar shi a waje, amma abin da ba a tambaya ba ba ya kawo maki, lokaci kawai yake ci.

'Yan sakandare sau da yawa sukan tarar an yi tambaya a kan littafi ɗaya ne kawai. Aikinka bai tafi a banza ba. Wanda ya san dalilin da ya sa Umar ba kamar Alhaji Imam yake ba ya fi kowa iya bayyana halin Umar. Sai dai ka tsaya kan littafin da aka tambaya.

Mataki na 8: Gina amsar

Gabatarwa layi uku ko huɗu ta isa: sunayen littattafan da marubutansu, da jumla ɗaya mai faɗar inda amsarka ta dosa. Tarihin marubuci, da garin da aka haife shi, da muƙaman da ya riƙe, duk ka bar su sai an tambaya.

Daga nan zaɓi layi uku ko huɗu daga takardar kwatancenka, waɗanda suka shiga iyakar tambayar. Kowane layi sakin layi ɗaya. Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce: kowane sakin layi dole ya ƙunshi littattafan biyu. Idan ka duba ka ga sakin layi guda ba a ambaci ɗayan ba, ka koma ba da labari.

Ga irin abin da nake yawan gani: "Alhaji Imam mutumin Kwantagora ne. Ya tafi neman Ruwan Bagaja. Ya haɗu da Malam Zurƙe. Ya sha wahala. Daga baya ya samo ruwan." Duk gaskiya ne, amma ba kwatance a ciki.

Ga yadda ya kamata: "Dukan taurarin biyu sun yi doguwar tafiya nesa da gida, amma abin da ya fitar da su ya bambanta. Alhaji Imam shi ya zaɓi tafiyarsa domin ya wanke Liman daga kunya, kuma duk inda ya shiga da dabararsa yake fita. Shi kuwa Umar sace shi aka yi yana ƙarami, hannun wasu ne ya kai shi har ƙetaren hamada. Wannan ya dace da saƙon kowane littafi: Abubakar Imam yana nuna abin da himma da wayo suke samarwa, Tafawa Ɓalewa kuwa yana nuna yadda zamanin bauta yake ƙwace wa mutum ikon kansa."

Lura da tsarin: batu, hujja daga na farko, hujja daga na biyu, sai abin da ke gida na huɗu. Lura kuma da kalmomin da suke ɗinke shi: dukansu, haka nan, amma, sai dai, shi kuwa, saɓanin haka. Rufe amsar da layi biyu ko uku masu komawa kan tambayar kai tsaye. Idan an nemi ka faɗi wanda ya fi isar da saƙonsa, zaɓi ɗaya ka faɗi dalili, kada ka ce kowanne ya yi ƙoƙari ka tsaya nan.

Hattara: ƙa'idojin rubutu suna cin maki a takardar Hausa. Sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ. Raba "ya ce" da "ta tafi" da "ba ya", kada ka haɗe su kamar yadda ake yi a saƙon waya. Sunan littafi da na mutum su fara da babban baƙi.

Mataki na 9: Gwaji da agogo

A mako na uku, ajiye littattafan ka ɗauko tsofaffin tambayoyi. Duba yawan lokacin da aka ba takardar, ka raba shi da yawan tambayoyin da za ka amsa. Idan kowace ta tashi da minti 30, ba tsarawa minti 5, rubutu minti 20, dubawa minti 5. A cikin minti biyar na farko, zana ƙaramar takardar kwatance a gefen takardar amsa, kalma biyu ko uku a kowane gida, sa'an nan ka soke ta da layi ɗaya idan ka gama.

Yi irin wannan gwajin aƙalla sau huɗu, tambaya daban kowane karo: ɗaya a kan jigo, ɗaya a kan taurari, ɗaya a kan zubi, ɗaya a kan harshe. Ba abokin karatunka ya duba maka da fensir, ya sa alama a gefen duk sakin layin da ya ga littafi ɗaya kaɗai a ciki, da duk inda ka faɗi magana ba hujja. Kai ma ka duba nasa, domin kuskuren wani ya fi saurin ganuwa. Mafi kyawu daga cikin huɗun ka kai wa malaminka, ka roƙe shi ya nuna maka inda zai rage maki da a jarrabawa ne.

Daren jarrabawa kada ka buɗe littattafan daga farko. Ɗauko babbar takardar nan ka karanta gida na huɗu daga sama zuwa ƙasa, ka maimaita misalan harshen da ka haddace, ka kuma tabbatar ka iya rubuta sunayen mutane da garuruwan kowane littafi daidai, kowanne a ƙarƙashin littafinsa.